Tuhuma Arba'in da Hula Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama a dakalin ƙofar gidan Malam Dabo a Ƙofar Sauri, ko da na minti biyar ne, ya tashi da sanin abu guda: fayil ɗin Malam Dabo fari ne fat. Shekara talatin da uku yana akawu a wata ma'aikatar gwamnati, ba a taɓa jefa takardar tuhuma a cikinsa ba. Mai goro ya sani, mai facin keke ya sani. Matarsa Delu kuwa ta ji har ta kai in ya ɗauko zancen sai ta ƙarasa masa, ta tashi ta ba shi wuri.

"Soja sun kulle ƙofa ƙarfe takwas, sun sa manyan daraktoci tsallen kwaɗo da tumbinsu," in ji shi, yana kaɗa yatsa. "Ni fa? Ko harara ba a taɓa yi mani ba."

Kuma gaskiya ne. Abin da ba ya faɗa shi ne hula biyu gare shi. Ɗaya tana kansa, ɗaya tana zaune a kusurwar teburinsa na ofis. Yakan zo da wuri ya sa hannu a littafin zuwa aiki, ya buɗe wani fayil ya kwantar da biro a kai, ƙarfe goma na yi ya sulale ta ƙofar baya ya hau babur sai gonarsa ta Batagarawa. Wanda duk ya leƙo nemansa sai ya ga hula, ya ce, "Yana nan, ya ɗan zaga." Haka Malam Dabo ya yi shekaru yana ɗan zagawa.

Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai ga takardar umarni daga sama: ba sauran tsallen kwaɗo, ba sauran kulle ƙofa. Ma'aikacin da ya saɓa ƙa'idar aiki, a ba shi takardar tuhuma, ya kare kansa a rubuce, in abin ya girma a kai shi gaban kwamiti. Wanda aka samu da laifi, gargaɗi zai shiga fayil ɗinsa, kuma ba shi ba ƙarin girma a wannan shekara.

Wannan layi na ƙarshe shi ya hana Malam Dabo sukuni. Kujerar babban akawu ɗaya ce ta faɗo, shekara ɗaya ta rage masa ya yi ritaya, kuma in bai hau ta bana ba, ya sauka a ƙaramin ma'aikaci ke nan har abada. Mai ja da shi mutum ɗaya ne, Sammani akawun sito, wani siriri mai bakin tsiya, wanda shi ma fayil ɗinsa ba tabo. To, in ba tabo, ai ana iya sa masa.

Sai ya gyara babbar riga ya shiga wurin Daraktan Ma'aikata, Alhaji Siddiƙ, mutum mai son a bar shi ya huta.

"Ranka shi daɗe, wannan sabon tsari yana son wanda ya san doka. Ni kuwa dokar aiki a kaina take, ko littafin ya ƙone sai in sake rubuta shi."

"To madalla," in ji Darakta. "Ka zama sakataren kwamitin ladabtarwa. Dama kowa gudu yake."

Kafin azahar Malam Dabo ya kawo ƙa'idoji uku da rubutun hannunsa. Na ɗaya, takardar tuhuma in ta sha hatimi da lamba, ba mai janye ta, ko waye. Na biyu, kowace takarda a amsa ta daban, da hannu, cikin kwana biyu daga lokacin da masinja ya ajiye ta. Na uku, wanda ya tara uku, zaman kwamitinsa a bainar ma'aikata za a yi, tunda yanzu mulkin jama'a ake. Darakta ya sa hannu yana hamma.

Don kada a ce Sammani ya nufa, sai ya jera sunayen mutum arba'in, ya cusa na Sammani a tsakiya.

Ranar Litinin ya tsaya a kan Rakiya mai buga tafireta, ta ɗaura takardar sitansil, irin wadda ake bugawa sau ɗaya a gurza ɗaruruwa a inji. Ta buga kan takarda da layuka biyu na farko ke nan, sai ya tuna ashe mijinta da Sammani unguwarsu ɗaya.

"Tashi. Wannan aikin sirri ne, da hannuna zan buga."

"To, Malam, amma ka lura, sabon fom ɗin nan layin sama..."

"Ke! Tun ba a yi maki suna ba nake cika fom. Ni za ki koya wa layin sama?"

"Allah ya ba ka haƙuri."

Ta ɗauki jakarta ta koma gefe. Shi kuwa ba ya sa tabarau a ofis, don a cewarsa tabarau na masu jiran fansho ne. Shekara talatin da uku ya san layin sama na mai aikawa ne, na ƙasa na wanda aka aika wa. Bai san sabon fom ya juya su ba. Da yatsa biyu ya dandatsa sunansa a layin sama da manyan baƙaƙe, har da muƙami, ya bar na ƙasa fili. Sannan ya buga laifin: an lura kana barin teburinka a lokacin aiki ba tare da izini ba, ka yi bayanin abin da zai hana a hukunta ka.

Darakta yana sauri zai tafi tarbar sabon kwamishina, a tsaye ya rattaba hannu a kan sitansil ɗin. Malam Dabo ya murza inji da kansa, takardu arba'in suka zubo da ɗanyen tawada. Ya bi layin da ya bari fili ya rubuta sunaye ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kan na Sammani har da ƙawata rubutun. Ya buga wa kowace hatimi, ya ba ta lamba, ya kira Babaji.

Babaji tsohon masinja ne, ya girmi kowa a ma'aikatar. Turancinsa bai wuce kalma biyu ba, "daga" da "zuwa ga", amma waɗannan biyun ba a taɓa kama shi da kuskure a kansu ba.

"Ka kai wa kowa tashi, ka rubuta lokacin da ka aje. Kada ka ji tausayin kowa."

Babaji ya duba ta sama, ya duba ta biyu, ya ɗaga kai.

"Akawu, duka?"

"Duka! Ko uban waye."

"To."

Ƙarfe goma ta yi, Malam Dabo ya sulale, don an yi ruwa kuma gero na jiran noma. Sha ɗaya daidai Babaji ya shigo ofishinsa, ya yi wa hula sallama, ya jingina takardu arba'in a jikinta, ya rubuta a littafinsa: an ajiye ƙarfe sha ɗaya, an samu hula.

Washegari Malam Dabo ya tsaya a bakin ƙofar ma'aikata, hannu a baya, yana jiran ya ga fuskoki a yamutse. Kowa ya zo sai ya gaishe shi da fara'ar da ta wuce ƙima. Can sai ga Sammani.

"A'a, sakataren kwamiti! An tashi lahiya? Ya iyali? Ya gajiyar rubutu?"

"Lahiya lau. Saƙo ya iso ka?"

"Ni? Ai ni na aika."

"Ka aika mi?"

"Shiga ofis ka gani. Wallahi ban san na iya Turanci haka ba."

Ya shiga. Ya zaro ɗaya daga tsakiya, ya miƙa hannu nesa, ya matso da ita, ya ƙanƙance ido. Da abin ya ƙi, ya rufe ƙofa ya zaro tabarau daga aljihun ciki. Zuwa ga Malam Dabo, daga Sammani akawun sito. Ta biyu, zuwa ga Malam Dabo, daga direba. Ta uku daga mai shara. Har mai ban ruwan fulawa, wanda ko alif bai sani ba a boko, ya tuhume shi da Turanci mai kyau, da sa hannun Darakta a ƙasa.

Ko takalmi bai daidaita ba ya faɗa ofishin Darakta.

"Ranka shi daɗe, a janye su! Inji ne ya juya."

"Inji?" Alhaji Siddiƙ ya buɗe aljihun tebur ya zaro takarda. "Karanta mani ta ɗaya. Rubutun wa ye wannan?"

"Nawa ne, amma ai don masu laifi na yi ta."

"Ka rubuta ko waye. Har ka ja layi biyu a ƙasa. Gobe sha ɗaya nake son amsa arba'in."

Daga nan ya bi ofis-ofis yana neman kowa ya rubuta cewa ba shi ya aika ba. Direba ya ce shi sai ya yi shawara da ƙungiya. Mai shara ta ce ita tunda take ba a taɓa sa sunanta a takarda mai hatimi ba, a bar mata abinta. Mai ban ruwan fulawa ya roƙi a ba shi kwafi ya kai gida a gani. Sammani kuwa ya gyara zama ya ce, "Malam Dabo, ni mai bin doka ne. Ina jiran bayaninka, kuma ka gyara rubutu, ba na son ƙazanta."

Da ya ga ba ci, sai wata dabarar ta zo masa. Takardar da ba ta nan ai ba a amsa ta. Ya tattara arba'in ɗin ya cusa cikin 'yar shara, a kan ƙirji, ya saki babbar riga fara a kai, ya hau babur ana la'asar. Bai kai rabin hanya ba hadari ya sako. Tawadar inji kuwa ba ta san sirri ba. Kafin ya iso Ƙofar Sauri ta ratsa 'yar shara ta fito a gaban riga, baƙi ƙirin, layi-layi.

Mutanen dakali suna fake a rumfar mai facin keke suka hango shi.

"Malam Dabo, yau kuma allo aka koma?"

"Rubutun sha ne ya zube, ko laya ce ta fashe?"

Ɗanliti mai goro, wanda ya yi aji huɗu a firamare, ya matso ya karkata kai. "Ku tsaya, a juye yake. Amma ga hatimin gwamnati nan a kan cibiya."

Ya wuce su fuu ya shige gida. Delu ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ajiye tsintsiya.

"Wa ya buga ka a inji?"

Ya ba ta labari, yana ɗora laifin kan inji da Rakiya da farar hula gaba ɗaya. Ta saurara har ya gama.

"To yanzu da ka kwaso su, littafin Babaji ma ka haɗiye shi? Lambobin da ka ba su fa? Ka fita da takardun gwamnati a cikin riga, wannan ba wani laifin ba ne a dokar taku?"

Laifi ne kuwa, kuma babba.

"Malam, ka maida masu abinsu. Ka tsaya gaban mutane ka ce na yi kuskure, ido ya tsufa. Kalma nawa ce? A yi dariya a watse."

"Ni? In ce na yi kuskure a gaban Sammani? Mai neman kujerar babban akawu ya ce bai iya cika fom ba?"

"To ka iya?"

"Delu, ba ki san aikin gwamnati ba."

"Ban sani ba. Wanki na sani, kuma wannan rigar ta mutu."

A kan igiyar shanya aka busar da takardun gwamnati, tsakanin zannuwan Delu. Da safe ya maida su a kumbure, ya zauna ya rubuta amsa arba'in da hannu har yatsunsa suka ƙage. Duk magana ɗaya ce: ban taɓa barin teburina ba, kowa shaida ne. Ranar ce ta biyu a shekarar da ya kai azahar a ofis.

Ranar Alhamis aka yi zama. Ɗakin taro bai ɗauki mutane ba, sai aka fito da tebur gindin bishiyar bedi a tsakar ma'aikata. Har masu tallar abinci na bakin ƙofa sun rufe kwanukansu sun shigo. Darakta ya zauna a tsakiya, Malam Dabo a damansa da littafin rubuta bayanin zama.

"Sakatare, kira wanda ake tuhuma."

Malam Dabo ya miƙe ya yi gyaran murya. "Malam Dabo!" Ya ajiye biro, ya zagaya tebur, ya tsaya a gaba. "Na'am, ranka shi daɗe."

"Sakatare, rubuta ya halarta."

Ya sake zagayowa ya rubuta. Kafin a gama karanta tuhuma ya zagaya teburin nan sau bakwai, gumi na bin wuyansa, mai shara tana ƙirgawa da ƙarfi.

Darakta ya gaji, ga yunwa. Ya kira Rakiya, ta yi bayanin sabon fom da tsohon fom a taƙaice, ba ƙari ba ragi.

"To, magana ta fito," in ji Darakta. "Janyewa dai ba a yi, amma kwamiti na iya wanke mutum. Malam Dabo, ka ce kuskuren cika fom ne, mu rubuta an wanke ka, fayil ɗinka ya zauna yadda yake, kowa ya tahi ya ci abinci."

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Ya dubi Darakta, ya dubi Sammani da ke murmushi a layin gaba, sai wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa.

"Ranka shi daɗe, ban yi kuskure ba. Da gangan na yi."

"Da gangan?"

"Don in gwada tsarin. Shugaba nagari da kansa yake farawa. Na tuhumi kaina don in nuna wa na baya yadda mai gaskiya ke kare kansa. A bincike ni!"

Alhaji Siddiƙ ya cire tabarau ya murza ido. "Ka ce a bincike ka."

"A bincike ni. Wa ya taɓa leƙa ofishina bai ga alamar ina nan ba?"

"Babaji, ranar Litinin ka same shi?"

Babaji ya buɗe littafinsa a tsanake. "Na samu hula."

"Kun ji!" in ji Malam Dabo. "Mutum na tahiya Batagarawa ya bar hularshi?"

"Wa ya ce Batagarawa?" in ji Sammani.

Wani ya tuntsire da dariya daga baya.

"Misali na bayar!"

"To, ranka shi daɗe, ina da tambaya," in ji Sammani. "Ga hula a kanshi, ga wata a tebur. Kai nawa gare shi?"

"Wannan ta fita ce, waccan ta aiki! Kullum in na zauna ita nake sawa. A ɗauko ta!"

Babaji ya tafi ya dawo riƙe da ita a tafin hannu biyu, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya buɗe baki zai yi magana, Malam Dabo ya fizge ta.

"Akawu, da ka duba cikin..."

"Kai ma za ka koya mani sa hula?"

Ya cire ta kansa, ya ɗaga ta aiki sama don kowa ya gani, ya kifa ta a ka ya danna da ƙarfi. Aka ji ƙurus. Busasshiyar laka ta zubo masa ta goshi, ta kunne, ta bayan wuya, har cikin gemu. Zanzaro ne ya yi gini a cikinta, ɗaki a kan ɗaki, tsohon gini da sabo. Mai gidan kuwa yana ciki. Ya fito a fusace ya zagaya hancin Malam Dabo sau biyu, Malam Dabo ya yi tsalle ya durƙusa, ya sake tsalle ya durƙusa, hannu biyu a kunne.

"Tsallen kwaɗo!" in ji direba. "Wallahi abin da soja ba su samu ba, farar hula sun samu!"

Masu tallar abinci suka zube ƙasa don dariya. Darakta ya yi ta buga tebur, shi kansa kafaɗunsa na rawa. Da aka lafa ya juya wurin mai ban ruwan fulawa.

"Kai ka san ƙwari. Gini irin wannan kwana nawa yake ɗauka?"

Tsohon ya tsinci ɓaraguzan ya murza a yatsa. "Ranka shi daɗe, wannan na ƙasan ya ga damina uku."

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Tuhuma talatin da tara an haɗe su cikin ɗaya, tunda laifin ɗaya ne. Ɗayar kuwa ta tabbata, da shaidar wanda ake tuhuma da kansa. A rubuta masa takardar gargaɗi ta shiga fayil. Sunan da za a tura don kujerar babban akawu, tunda saura mutum ɗaya mai farin fayil, ba sai an faɗa ba. Sammani ya miƙe ya rusuna wa Darakta, ya juyo ya rusuna wa hular.

"Sakatare," in ji Darakta, "rubuta. Kuma kai za ka buga takardar."

Da yamma ma'aikata sun watse, Malam Dabo ya zauna gaban tafireta da tabarau a hanci, a fili, ba ɓoyo. Ya daɗe yana kallon takardar. Rakiya tana haɗa jakarta.

"Rakiya."

"Na'am, Malam."

"Sunana... a wane layi?"

"Inda ka sa shi rannan, Malam. Wannan karon daidai ne."

Washegari ƙarfe sha ɗaya yana zaune a teburinsa, gero na can na jiran noma, sai ga Babaji da ambulan da littafinsa. Ya yi sallama, Malam Dabo ya amsa ya miƙa hannu. Babaji bai ba shi ba. Ya tsaya yana duban hular da ke kansa.

"Mi kake jira? Ba ni in sa hannu."

"Yi haƙuri, Akawu. An ce daga yau in riƙa tabbatarwa." Ya gyara riƙon biro. "Ɗan ɗaga ta in gani ko da mutum a ƙasa."